Ranar da Na Tare Talabijin a Kiru

Bayan mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci, na leƙa gidan kallo a Kiru. Fim ɗin da ake nunawa na wani kurkuku ne, inda likitoci ke gwada allurar juya hankali a jikin fursunoni. Duk wanda ya faɗi yana shure-shure, sai 'yan kallo su kwashe da dariya.

Wani tela ya ce, "Ai mai laifi jikinsa na hukuma ne."

Ya kuwa san ƙanena yana gidan yari. Na miƙe na tare talabijin.

'Yan kallo suka ce, "Malam, matsa mana!"

Na ce wa telan, "Ko akuyarka ce, sai an tambaye ka kafin a yi mata allura. Maimaita abin da ka ce in ji."

Bai maimaita ba. Ni ma ban matsa ba, har aka kashe fim ɗin.