Sharar da Kawu Kunne Ya Kwashe

Matso kusa, ja kujerar can ka zauna, ka ajiye wayar nan tukuna. Labarin wani mutum da ake kira Kunne zan ba ka.

Shagonsa a ƙarƙashin wani bene yake, tsakanin mai gyaran agogo da mai guga, faɗinsa taku uku. Aikinsa gyaran sauti. Ka kawo masa tsohon kaset da ya sha zafi, muryar kakarka na can ciki tana kokawa da "shuuu", ya zauna gaban kwamfutarsa ya tsince ƙarar tas, ya miƙo maka muryar fes. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Ana cewa in fanka na juyawa a ɗakin da aka yi ɗauka, zai gaya maka fukafukanta nawa, shi ma kuwa ba ya ƙin a faɗa. Matarsa ce kaɗai ke cewa, "Kunnen da ke jin fanka a kaset, amma ni sai na kira sau huɗu."

Yana da 'yar ƙanwa mai aiki a kantin magani. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ƙanwar tasa tela ce, ta rasu shekara biyu kafin wannan labari. Tun daga nan 'yar ta shiga rubuta waƙoƙi, ba na rerawa ba, na karantawa. Ta haɗa kai da wata ƙawarta mai haɗa kiɗa a na'ura suka yi faifai: ita tana karanta baitoci a hankali, a ƙarƙashin muryarta wani sauti na tafiya sannu-sannu, babu ganga babu amshi.

Wata Talata ta shigo shagon da farar rigar aiki a jikinta.

"Kawu, kwafi uku nake so. Ɗaya na matar nan mai shirin adabi a rediyo, biyu na masu sharhi a jarida. Ga adireshinsu. Kwafa kawai za ka yi, ka ji?"

"Ni za ki koya wa aiki, Uwata? Tun kina rarrafe nake yin sa."

Tana fita ya ɗora abin ji a kunnuwansa. Murya lafiya lau. Amma can ƙasa akwai wani ƙugi, da wani "ƙwas" mai dawowa jefi-jefi. Ya ja tsaki. Yaran yanzu, sun je sun yi ɗauka kusa da firji ko janareta. A kai wa masana wannan, a ce 'yar ƙanwar Kunne ce ta yi? Kwana biyu yana sallamar masu kawo aiki, yana bin waƙoƙin nan tara ɗaya bayan ɗaya. Ƙugin da zai fita ya ja rabin kiɗan ƙawar ya tafi da shi, amma murya ta fito tangaram. Ya aika, bai gaya mata ba. So yake sai an yaba ya ce, to, hannun Kawu ne.

Bayan mako uku ta dawo da jaridu nannaɗe a hannu.

"Kawu, mutanen nan kurame ne? Ji wannan: 'Baitocin na da rai, amma an bar su tsaye a ɗakin da babu ko tabarma.' Wannan kuma: 'Waƙa ta huɗu sunanta Keken Umma, mun kasa kunne har ta ƙare, ba mu ji keke ba.' Matar rediyo ma wai an ce mata akwai kiɗa, ita karatu kawai ta ji. Keken Umma fa! Daga farko har ƙarshe yana ciki. Na ɗauke ta a waya tana ɗinki, wata biyu kafin ta kwanta ciwo. Ƙawata ta rage masa gudu, a kansa muka ɗora komai. Yanzu ko wayata ba ta ɗauka, gani take ita ta ɓata mini aiki."

Kunne ya gyara wani kaset da ba ya bukatar gyara, ya ce, "Ai masu sharhi haka suke."

Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Har yau in ya tuna sai ya runtse ido.

Yana da wata ɗabi'a: duk ƙarar da ya cire ba ya zubarwa, ajiye ta yake a gefe. Uwata na ba da baya ya buɗe ta faifanta. Ya ƙara wa ƙugin gudu kaɗan-kaɗan har ya koma yadda yake tun asali, sai ga keken ɗinki ya cika masa kai. Shi kuwa "ƙwas" ɗin, mahaɗin bel ne, inda ya tsinke aka ɗaure da waya. Shi ya ɗaure, yana durƙushe a ɗakin ƙanwarsa, tana tsaye kansa tana cewa, "Yaya, ka ɓata mini keke, da haƙoranka za ka ɗinka kayan mutane." Ya ce zai kawo sabon bel. Bai kawo ba.

Kwana huɗu yana juya cokali a kwano. Matarsa ta ce, "Ko kunnen ne ya toshe?" Sai ya gaya mata. Ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba, sai ta ce:

"To ita ƙawar yarinyar fa? Ita za ta ci gaba da ɗaukar kayanka?"

Washegari da hantsi ya je kantin maganin ya bi layi kamar kowa. Da ya iso gaba ta ɗago.

"Kawu? Lafiya? Me ke damunka?"

"Ni ne, Uwata. Ni na cire."

Ya faɗa mata duka, ƙasa-ƙasa, mutanen bayansa na miƙa wuya. Ya miƙa mata wayarsa, inda ya zubo sautin. Ya so ta yi faɗa, ya so ta yi kuka. Ita dai ta tsaya tana kallon sunan da ya rubuta a kai.

"Shara," ta karanta. "Haka ka sa masa?"

"Haka nake sa wa duka."

Ta mayar masa da wayar da hannu biyu, ta dubi bayansa ta ce, "Na gaba, bismillah."

Ya sake yin kwafi uku na ainihin faifan, bai taɓa komai ba, ya haɗa da wasiƙa mai sunansa da na shagonsa. Matar rediyo ta sa Keken Umma, ta kuma karanta wasiƙar kaf, duk layin shagunan na ji. Ɗaya mai sharhin ya janye maganarsa, ya ce ƙarar keken ce ƙashin bayan faifan. Ɗayan kuwa ya rubuta cewa shi na farkon ya fi masa tsabta. Mai gyaran agogo ya kawo wannan da sauri yana washe baki: "Kunne, ga ka nan an yabe ka!" Kunne ya ce tun da yake ba a taɓa marinsa irin haka ba.

Ƙawar ta dawo, sun fara sabon faifai. Uwata na gaishe shi, tana leƙo gidan, har ta kawo wa matarsa maganin ciwon gwiwa. Maganar faifai ce dai ba ta ɗauko masa ba. Shi kuma yanzu in an kawo kaset, kafin ya taɓa sai ya kunna wa mai shi ya ce, "Saurara. Wace ƙara ce taka a ciki?" In an kira shi Kunne a layin, yakan ɗan jima kafin ya amsa.

An ce sabon faifan ya kusa ƙarewa, kuma kwafi uku za a sake bukata. Kai da ka zauna ka ji, in kai ne ita, shagon wa za ka kai?