Hannun da Na Yanke wa Baba a Hoto

Ni mutum ne mai ƙarin gishiri, duk Montreuil da ke gefen Paris an sani. In na ga ɓera a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin in kai ƙarshen labari ya zama ɗan maraƙi. Amma wannan ba zan ƙara masa komai ba, don har yau in na tuna shi kunnuwana zafi suke yi.

Babana mutumin Damagaram ne, garin da in ruwa ya kai gwiwa sai a fito kallo. Shi ne kuma ya tashi yana saurayi, zamanin mulkin Nasara, ya bi hanya har Dakar ya shiga sojan ruwan Faransa. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake cika baki da wannan. Na gaya wa yara babana kumandan ne, ya nutsar da jirage bakwai. Da na girma na mayar da su goma sha biyu. Gaskiyar kuwa tana cikin hoto ɗaya tak da muke da shi: Baba tsaye cikin farar riga mai maɓalli har wuya, hannun hagu a bayansa, na dama ɗauke da faranti da kofuna. Hafsoshi yake yi wa hidima. Ya kai musu abinci, ya goge musu takalma, ya gyara musu gado.

Yanzu Baba yana Rillieux-la-Pape, sama da Lyon, wurin ƙanwata. Ya doshi casa'in, ido ya fara gudu. Wata rana ƙanwar tawa ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara. Wai wata ƙungiyar unguwa za ta rataye hotunan tsofaffin sojoji a zauren taro. Ta aika wa shugaban kwamitin hoton Baba, shi kuma ya ce bango ya yi musu kaɗan, waɗanda suka riƙe bindiga suke so, ba gidan cin abinci za su buɗe ba.

"Yaya, na riga na gaya wa Baba za a sa shi," in ji ta. "Ya sa na fito da babbar rigarsa. Kullum sai ya tambaye ni saura kwana nawa."

Gidan cin abinci! Na zagi wannan mutumin da Hausa, na zage shi da Faransanci, na ari Zabarmanci wurin maƙwabcina na ƙarasa. Da na huce sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai hankali. Tunda faranti ne matsalar, a cire faranti mana.

Kusa da sito ɗin da nake aiki a Aubervilliers akwai wani shagon wanke hoto. Mai shagon mace ce 'yar ƙasar Filifin, kamar sa'ata, mai tabarau a kan hanci. Na miƙa mata kwafin hoton da ke wurina, na ce a ƙara masa girma, a yanke daga kafaɗar dama. Ta daɗe tana kallonsa.

"Mai hidimar hafsoshi ne, ko?" ta tambaye ni.

"Kumandan ne, Madam."

"Kumandan ba ya ɓoye hannu a baya haka. Babana ma haka yake tsayawa."

Sai ta ba ni labari, ni da ban tambaya ba. Babanta ya shiga sojan ruwan Amirka. A zamaninsu, in ji ta, ana ɗaukar samarin Filifin da yawa, amma kusan duk kicin da ɗakin cin abincin hafsoshi ake tura su. Babanta ya iya kwance inji ya ɗaura, amma takalma ya yi shekaru yana gogewa. Har ya rasu bai taɓa zama ya ci abinci ba sai kowa a gidan ya ƙoshi.

"In na yanke farantin, hannun ma zai tafi," ta ce.

"Yanke, Madam. Ni na san abin da nake yi."

Ta yanke. Ta naɗe mini shi ba ta ƙara kallona ba. Na fito ina jin haushinta, wai me ya sa mutum ba zai yi aikinsa ya yi shiru ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, na kama bas zuwa Rillieux. Na tarar da Baba a bakin tebur, ya jiƙa ƙyalle ya matse ya shimfiɗa, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Haka yake yi tun muna Damagaram. A jirgi ya koya: in teku ta yi fushi, jiƙaƙƙen ƙyalle ne ke hana kwanuka zamewa. Inna, Allah ya ji ƙanta, ta yi ta fama da shi. "Malam, gidan nan fa ba inda za shi." Bai taɓa dainawa ba.

Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali da aiki da sanyin Paris. Sannan na warware hoton da alfahari. Ya kai shi dab da idonsa, ya yi dama da shi, ya yi hagu.

"Ina hannuna?"

Na fara bayani. Bango, kwamiti, bindiga. Ya ɗaga mini hannun nan dai da na yanke.

"Kai, rufe mini baki. Ka ba ni jirage goma sha biyu, ina ji ana kawo mini labari, ban ce komai ba, na ce ƙuruciya ce ba ta sake ka ba. Yau kuma ka ɗauke mini abin da na yi da gaske? Ka san hawa tsani da kofunan kafe mai zafi, jirgi yana kwanciya yana tashi, hafsoshi suna amai a bokiti? Da gwiwa ake ɗaukar faranti, ba da hannu ba. Ban taɓa zubar da ko ɗigo ba. Masu bindigar nan, iska suke ci?"

Ƙanwata ta shige kicin ta bar ni da shi. Wancan shugaban kwamitin bai san Baba ba, yana da uzuri ko da na banza ne. Ni fa? Da wannan hannun aka goge mini majina.

"Ko a sa ni da farantina, ko kada a sa ni," in ji Baba. Ya ɗauki shayinsa.

Ranar Litinin na koma shagon. Madam ta leƙo ta saman tabarau.

"Gaba ɗayansa?" ta ce.

"Gaba ɗayansa. Kuma ki ƙara masa girma har sai an iya ƙirga kofunan daga Paris."

Ashe ba ta goge na asalin daga na'urarta ba.

Ranar taron na isa zauren da wuri, da hoto kamar ƙofar ɗaki a hammatata. Shugaban kwamitin ya gan ni, ya ga girmana, ya ga fuskata, sai ya ce to, za a samo masa wuri. Wurin da ya samo shi ne bayan ƙofa, saman teburin da aka jera kafe da biskit. Na cire hoton, na ratsa tsakiyar zauren, na matsar da hoton wani mai igwa hagu, na matsar da na wani mai lambobi a ƙirji dama, na rataye Baba a tsakaninsu.

"Ba haka aka tsara ba," in ji shugaban, yana bina da takarda.

"To tsara shi yanzu. Waɗannan biyun sun daɗe ba su sha kafe ba."

Ya ce zai kira kwamiti. Na ce ya kira har da kakannin kwamitin, ina nan tsaye. Mutane suka fara shigowa, ya duba ƙofa, ya dube ni, ya naɗe takardarsa ya tafi tarbar baƙi. Haƙuri bai ba mu ba, kuma ban yafe masa ba.

Baba ya shigo da babbar rigarsa da sandarsa, ƙanwata na riƙe da shi. Ya tsaya gaban hoton, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya bi hannun da yatsa, daga kafaɗa zuwa faranti. Ina jira ya sa mini albarka.

"Ya karkace," ya ce. "Ɗaga gefen dama, kofunan za su zube."

Na ɗaga.