Ranar da Aka Goya Keken Kaka

Wata Asabar ce da hantsi, a farkon daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya kawo motarsa da baya har bakin lungunmu na Ƙofar Wambai. Mota ba ta shiga lungun, don haka duk abin da za a yi da ita a idon unguwa ake yinsa. A bayanta an ɗaura wani baƙin ƙarfe mai hannu biyu a miƙe. Ni na turo keken Kaka daga zaure, da ƙyar, domin sitiyarinsa ya kusa kai haɓata. Baba ya ɗaga shi, ya rataya sandar tsakiya a kan hannayen nan, ya fara ɗaurewa. Malam Isiyaku tela, abokin wasan Kaka tun suna samari, ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Malam, ashe an sauka lafiya? Ga shi har an fara goyo. Yaushe suna?" Kaka ya yi dariya ya ce ranar da tela ya cika alkawarin ɗinki. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ina jin a duk wurin ba wanda ya lura Kaka bai kalli bayan motar ba.

Kaka mahaifin Baba ne, kuma tun da na yi wayo keken nan ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gonarsa da ke bayan Gwallameji, lokacin da wurin bai wuce ’yan gidaje da gonakin dawa ba. In babu makaranta, da na gama share tsakar gida da cika randa, sai ya ce, "Amarya, hau mu tafi kafin kishiyoyinki su gani." Yakan shimfiɗa buhu a kan kariyar bayan keken ya goya ni, fartanya a ɗaure a gefe, gorar kunu tana bugun ƙafata. A gona aikina zuba iri a ramin da ya sara, in rufe da diddige, sai in na gaji in koma ƙarƙashin ɗorawa in yi ’yar carafke ni kaɗai. Ban san ko gonar tana da girma ba. A idona dai ba ta da iyaka.

A ranin shekarar ne ɗan acaɓa ya goge shi a Wunti, ya faɗi a kan kafaɗarsa. Raunin bai yi tsanani ba, amma ya ba baffannina bakin magana. Suka ce tsoho ba zai ci gaba da ratsa gari a kan keke ba, ga kuma masu neman fili sun fara zagaya wajen Gwallameji, a sayar kawai ya huta. Baba ne kaɗai ya ƙi. Shi ma’aikacin ofis ne, mutum mai yawan tunani kafin ya taka ƙasa, kuma ana cewa ni na gaje shi. Ya ce cikin gari ne haɗari, ba hanyar gona ba. Zai riƙa ɗaukar Kaka da kekensa a mota zuwa inda kwalta ta ƙare, daga nan ya hau abinsa. Aka amince a gwada damina ɗaya. In gona ta yi kyau a bar ta, in ba ta yi ba a sayar. Wannan na ji shi da kunnena ina wanke-wanke a bakin rariya.

Keken ba ya shiga but, kuma Kaka ya ce ba wanda zai kwance masa taya. Sai Baba ya shiga neman ƙarfen ratayawa, ya yi ta komawa shagon wani ɗan kudu mai kayan mota a Wunti, Oga Sunday, ni kuma ina biye da shi bayan an tashi daga Islamiyya. Iri biyu ya nuna mana. Ɗaya da igiyoyi ake maƙala shi a murfin but, ɗaya kuma ana ɗaure shi ne a ƙugiyar ƙarfe da ke ƙasan bamba, wadda motar ta zo da ita daga waje, mu yara muna ɗauka wurin taka ƙafa ne. Oga Sunday ya ce, "Alhaji, keken tsoho ta yi nauyi, wannan mai igiya za ta lanƙwasa maka but. Ɗauki mai ƙugiya." Baba ya auna faɗin motar da igiya, ya auna keken, ya tambaya ko zai rufe lamba, ko zai rufe fitilar birki, ko zai hana buɗe but. Ban taɓa ganin an yi wa wani abu tambayoyi haka ba. Yanzu in na tuna, duk tambayoyin a kan mota suke da keke.

A wannan Asabar ta farko Kaka ya zauna a gaba, ni na durƙusa a kujerar baya ina leƙa keken ta gilashi duk ramin da muka shiga. Da muka tsaya inda kwalta ta ƙare, wari ne ya fara tarar mu. Keken Kaka irin na da ne, dogo mai manyan ƙafafu, sai tayar gaba ta sauko daidai bakin salansa, zafin ya narkar da ita har tana manne wa yatsa. Kaka ya tsuguna ya shafa wurin. Ya tura keken da ƙafa har gona, muna biye. Baba bai runtsa ba sai da ya gyara wannan. Ya sa aka karkatar da bakin salansa, aka ɗaga hannayen ƙarfen, ya sayi sabuwar taya, ya yanko robar tsohon tib yana ɗaure ƙafafun don kada su yi lilo. Daga nan ƙarfen bai sake ba mu matsala ba, ko sau ɗaya. Ina so a san wannan, domin har yau akwai danginmu da ke cewa ƙarfen banza Baba ya sayo.

Abin da ba a auna ba shi ne ruwan sama ba ya jiran Asabar. Ruwan shuka ya sauka a tsakiyar mako, motar tana ofis. Da safe na ga Kaka a ƙofar zaure yana shaƙar ƙamshin ƙasa, hannunsa a kan sirdin keke, amma ya riga ya yi wa ’ya’yansa alkawarin ba zai ratsa gari ba, kuma shi ba ya saɓa magana. Kafin Asabar ƙasa ta sha iska. Aka yi shuka a makare, ta fito jefi-jefi. Lokacin noman farko aka tura Baba aiki wani gari, mako na gaba kuma aka yi rasuwa a dangin Inna, ciyawa ta kai gwiwa. Baba ya nemi wani direba ya riƙa kai shi, Kaka ya ce ba zai zauna wani ɗan mutane yana jiransa a bakin hanya yana duba agogo ba. A unguwa kuma kalmar tela ta zauna. Yara in sun ga motar sai su bi ta suna cewa ga mai goyo. Ba da mugunta ba, na tabbata, ko kusan na tabbata.

Wata rana da yamma ina tsince masa gyaɗar iri da ba a samu shukawa ba, na ce masa ai ƙarfen yana da kyau, keke yana hutawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Amarya, keken nan shi ya goya ubanki, shi ya goya ki. Yanzu shi aka goya, ni ma an goya ni. Kin taɓa ganin wanda ke baya ya ce ga inda za a bi?" Na yi dariya don na ɗauka wasanmu ne na kullum. Shi bai yi ba.

Dawar da aka samu a kakar nan, a but ɗin motar aka kawo ta gaba ɗaya, har da sauran wuri. Ba wanda ya yi gardama, Baba ma bai yi ba. Kafin wata damina an sayar da gonar. Keken ya koma zaure ya jingina da bango, tayoyinsa suka sace a hankali, sabuwar da tsohuwar. Ƙarfen kuma Baba ya kwance shi ya ajiye a bayan ɗakin girki, Inna ta riƙa shanya tsumma a hannayensa. Kaka ya rayu shekaru bayan haka, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida, ana gaishe shi yana amsawa. Bai yi ciwo ba, bai yi ƙorafi ba. Amma in hadari ya haɗo, sai ya tashi ya shige ɗaki.

Yanzu na gama jami’a, ina aiki, kuma ta Gwallameji nake bi kullum a Keke Napep. Gidaje ne ko’ina, da katangu da tankunan ruwa. Na sha sauka in nemi inda ɗorawar take, ban gane wurin ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba. Baba ya tsufa, idonsa ya fara rauni, ’yan’uwana sun fara maganar a karɓi makullin motarsa, ni in riƙa kai shi duk inda yake so a ƙarshen mako. Wataƙila sun yi gaskiya. Na yi ta juya abin, na auna ta kowane gefe kamar yadda shi ya yi, ban ga wata hanyar ba. Na dai san sunan abin da za mu yi masa.