Muryar Awalu ta iso bayan rasuwarsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni, wai Awalu ya rasu.

Awalu abokina, ɗan Hajja mai dakuwa ta unguwarmu a Garwa, sojan da aka tura sansani a duwatsun bayan Mokolo. Sajan ɗinsu ne ya kira ni. Ba harbi ba ne, taifot ce ta kwantar da shi, har an yi masa sutura jiya.

Ina ajiye waya sai ga saƙon murya. Daga Awalu.

"Ɗan'uwa, jiki ya ɗan taɓa ni, amma da sauƙi. Kar ka gaya wa Hajja. Ka ce ta ƙaro yaji, mutanen nan sun cinye min."

Har da dariyarsa. Wallahi kaina ya ɗaure.

Daga baya na tuna sansaninsu babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sukan ɗauki saƙo su ajiye, a tara wayoyi a jaka ɗaya, mai sauka Mokolo ya tafi da su, can saƙonnin ke fita. Yau aka sauko da kayansa, wayar na ciki.

Na san wannan, amma kunnena ya ƙi yarda.

Awalu fa, mutumin da ya goya babana har ƙofar likita ranar da ƙafarsa ta ƙi taku. Ƙato guda, ba ya tsoron bindiga, amma nuna masa allura ka ga gudu. Rabuwarmu a tasha na tsokane shi da haka, ya ce, "Harsashi ai ba ya cewa juya baya."

Awalu, ko tsoron nan ne ya sa ka yi shiru har ciwo ya ci ƙarfinka? Haushinka nake ji, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Ita ma Hajja nata saƙon ya shigo, yana ce mata lafiyarsa ƙalau, yana nan tafe da Sallah. Maƙwabta sun shimfiɗa tabarmin gaisuwa, ta ce a naɗe.

Ta kira ni. "Ɗana, yanzu na ji shi da kunnena. Kai ba ka yi min ƙarya, zo ka faɗa min."

Ina ƙofar gidan tun ɗazu, na kasa yin sallama. Ko ciwonsa ma Awalu ya hana ni faɗa mata, ga shi mutuwarsa zan kai.

Allah Ya jiƙan Awalu, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a, ya roƙa wa Hajja dangana. Ni kuma ku roƙa min abin da zan ce, zan shiga.