Ɗakin Sanyin Rufus

Rufus mutumin Zuru ne, amma ya daɗe a Goronyo har bakinsa ya fara karyewa irin na Sakkwatawa. Aiki ya kawo shi ofishin wani shirin noman rani da ke kusa da madatsar ruwa. Matarsa Selina tana koyarwa a firamare, shi kuwa aikinsa ɗaya: kula da saba, wato babbar kwamfutar da duk na'urorin ofis ke ajiye fayil a cikinta, ta nan ne kuma kowa ke tura abin da zai buga a firinta. Taswirar kowace gona da kowane magudanin ruwa na shirin tana cikin wannan akwati. Faifan da ake kwafe su a kai ya lalace, an kai Sakkwato gyara, har yau shiru.

Ba mai yawan magana ba ne. Da safe yakan fara tsayawa ya saurari kukan fankar inji kafin ya ajiye jaka. Daga nan ya zauna gaban allo yana duban layuka: na cikar faifai, na jerin masu jiran firinta, da na zafi. Na zafin nan shi ne abin tsoronsa.

Ɗakin sabar kaɗai ke da esi, na'urar sanyaya ɗaki, a duk ofis, tsoho, mai tari. A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, sai ɗakin ya samu baƙi. Alhaji Maccido, dattijon da ke kula da sito, shi ya fara leƙowa bayan azahar.

"Rufa'i," haka yake kiransa, "ɗakin ga naka Aljannar duniya na. In ɗan miƙe?"

"Bismilla, Baba."

Washegari ya zo da tabarma da Malam Adamu, direban ofis. Kafin mako ya zagayo, ba wurin sa ƙafa. Rufus ya ga layin zafi yana ɗagawa kullum da rana, amma bai hana kowa shiga ba. Shi da ba Musulmi ba, ya kuma sha koko da safe, da wane baki zai kori masu azumi?

Ranar da abin ya kai maƙura, manoma sun taru a waje, wasu tun daga Marnona, ana jayayya kan iyakar gonaki a sabon magudani. Injiniya Lawwali, shugaban ofis, ya turo manyan taswirori a buga don a raba gardama. Saba ta ɗauki nauyi, fanka ta canza murya. Layin zafi ya bar kore ya shiga ruwan ɗorawa.

Ƙofa ta buɗe, wani ya shigo, iska mai zafi ta biyo shi.

"Don Allah a rufe ƙofa," in ji Rufus.

"Ka ji shi," in ji direba daga kwance. "Awa shi ka azumin."

Aka yi dariya irin ta masu ƙishi, gajera.

Wayar tebur ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Rufus, mi ya tsai da taswirorin ga? Mutane na shirin doke juna nan waje."

"Suna fitowa, ranka shi daɗe. Injin ne ya ɗan yi nauyi."

"Ban son jin nauyi. Takarda nika so."

Ya ajiye waya, ya juya fankar tebur ta fuskanci akwatin. Bai hana ba. Ya taɓa gefen ƙarfen, ya janye hannu. Ya san halin sabar: in layin ya taɓa ja za ta mutu da kanta tsakiyar aiki, kuma tsohon faifan da ke cikinta ba lallai ya sake tashi ba. In ya tafi, iyakar gonar kowa ta koma bakin kowa.

Ya dubi mutanen. Alhaji Maccido ya yi barci, carbi a ƙirji, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Rufus ya kau da kai. Ya koma ga allo. Ɗorawar ta yi duhu.

Sai ya tashi, ya durƙusa kusa da kan dattijon.

"Baba. Baba, ka gafarce ni."

"La'asar ta yi?"

"A'a. Roƙo nake. Numfashinmu ya yi wa injin yawa. In ba a fita ba yanzu, zai ƙone."

Direba ya tashi zaune.

"Korarmu kaka yi? Cikin azumi? Don ƙarhe?"

"Ba kora ba ce, Malam Adamu..."

"To mi na na? Kai ka ci ka sha, ka zamna cikin sanyi, mu mu hita rana!"

Alhaji Maccido ya murza ido. Ya daɗe yana duban Rufus. Sannan ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya je ya ɗora tafin hannu kan akwatin.

"Gonar ɗiyata na ciki?"

"Tana ciki, Baba. Da ta kowa."

Ya naɗe tabarmarsa. "Ku tashi."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi Rufus. Direba ya ja tsaki a bakin ƙofa. Rufus ya rufe, ya tsaya gaban allo. Layin ya tsaya cak dab da ja, ya ƙi hawa, ya ƙi sauka. Can ya sunkuya kaɗan. Daga ɗakin gaba ya ji firinta ta ja takarda.

Bai iya zama ba. Sanyin ɗakin ya yi masa nauyi a jiki. Ya juya allon ya fuskanci taga, ya fito, ya kulle ƙofa, ya sa makulli a aljihu. Mutanen sun baje ƙarƙashin darbejiya, inuwar ba ta da wani kirki. Ya samu gefe inda zai riƙa hango allon ta gilashi, ya zauna a ƙasa.

Direba ya juya masa baya. Alhaji Maccido, idonsa a rufe, ya tura masa gefen tabarma da ƙafa.

"Zamna bisa, Rufa'i. Ƙasar ga da zahi."