Ranar da Na Yi Doguwar Gaisuwa

Ni ba mai yawan gaisuwa ba ne, duk unguwarmu ta Gobarau an sani. A ce ina kwana, in ce lafiya, in wuce. A tuƙin babbar mota na saba da haka, kafin hatsarin da ya bar ni da ɗingishi. Ɗiyata kuwa uwarta ta biyo. In ta durƙusa gaida baƙo, sai shayinsa ya huce.

Da ta gama jami'a, inda ta karanta lissafi, ta ce za ta nemi ƙarin karatu a ƙasar waje, wai injiniyancin kuɗi. Na ce ta nuna mini tafin hannunta. Tas, ko ɗigon baƙin mai babu. Na ce ban taɓa ganin injiniya haka ba. Ta yi mini bayani, wai da lissafi ake hango asarar kasuwa tun ba ta zo ba. Na ce to. Daga ranar nake ce mata Injiniya, unguwa kuma ta ɗauka.

Makarantu da yawa ta nema. Suka yi ta ba ta haƙuri, har ya rage saura guda, wadda ta ce sai malamanta sun gan ta ta kwamfuta sun yi mata tambayoyi. In wannan ta kuɓuce, sai baɗi. Ni kuwa na ga yadda yarinyar ta rame, ban ga alamar za ta iya sake wata shekarar ba.

An gaya mata mutanen can ba su jiran gaisuwa, kuma lokacin da za a ba ta kaɗan ne. Ta zo ta ce in koya mata irin tawa. Muka dinga gwaji a tsakar gida, ni malamin, ita ɗaliba. Da na ce yaya take, sai ta soma tambayata gajiya da iyali. In ce ta faɗi, ta sake. Uwarta na gefe tana cewa na lalata mata tarbiyya.

Ranar ta zo, bayan la'asar, don su a can safiya ce. A gidanmu zaure kaɗai ke da sabis mai ƙarfi, nan ta shimfiɗa tabarma. Aikina in zauna a dakali, kada kowa ya shiga.

Ana farawa sai ga yayan uwarta, Alhajin Kambarawa, da rediyo a hammata. Kunnensa ya yi nauyi, muryarsa kuma ba ta buƙatar lasifika. Ba wanda ke hana shi shiga gidan ƙanwarsa. Na kuma san ɗiyata. In ta gan shi, barin Turawa za ta yi ta durƙusa.

"Ina Injiniyar? Rediyon nan ya ƙi kama tasha," in ji shi.

Na miƙe na kama hannunsa da hannu biyu, na ja shi gindin darbejiya. Na tambaye shi hanya da gajiya. Na tambayi Hajiya da yara, kowa da sunansa. Na tambayi gwiwarsa, da gona, da shanun da ya ba da kiwo, har da saniyar da ta karye. Duk ya amsa yana kallona. Da abin tambaya ya ƙare na koma kan maƙwabtansa. Na tambayi lafiyar wani mai goro, ya ce ai da ni aka kai shi makwanci.

"Kai kau lahiya kake?"

"Lahiya lau, Alhaji. Ina gajiya?"

Na sake daga farko. Bakina ya bushe, ƙafar nan tana zogi, ban saki hannunsa ba sai da na ji motsin tabarma a zaure. Ta fito, ta kalle ni ta ɗaga kai, sannan ta zube gaban kawunta ta rama duk gaisuwar da ta haɗiye. Ta karɓi rediyon da ladabi. Washegari na kai wa mai gyara a kasuwa. Har yau Alhaji na ba da shaidar hannunta na da kyau.

Makarantar ta ɗauke ta, ta tafi. Ni aka bari da wahala. Alhaji ya baza a dangi cewa tsufa ya tausasa ni, yanzu duk mai wucewa sai ya tsaya a dakalina a yi ta a tsanake.

Takan kira waya ran Juma'a. In na ce yaya take, sai ta ce lafiya lau, Baba, ta yi shiru. Da kyau na koya mata. Ni ke tambayar sanyi, da abin da ta ci, da malamanta, da maƙwabtan da ban san ko sunansu ba, don kada ta kashe da wuri.