Katan Ɗin Ruwan da Na Bari a Mota

Alhamis, unguwar Aziziyya a Makka, ƙarfe 4:15 na asuba

Mu biyar muka tashi daga gidan Kawu Sale a tsohuwar motarsa. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, makanikin manyan motocin alhazai, ya daɗe a Makka har Hausarsa ta soma tafiya da rawani. Ni kuwa baƙo ne, na zo Umara daga Yawuri, saura kwana huɗu in koma. A baya akwai 'yarsa Samira da ɗiyarta Hanan mai shekara biyu, sai Inna Kulu, yayar su mahaifiyata duka.

Tafiyar ta Inna ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa. Ba ta da ikama, wato takardar zama, ba ta da komai sai buri ɗaya: ta mutu a Makka a rufe ta a Makka. Saboda tsoron kamu ba ta wuce unguwa da Harami. Amma 'yar Sarkawa ce, a bakin kogi aka yanke mata cibiya, kuma da ta gan ni sai kewar ruwa ta taso mata. Ta ce wa Kawu ko sau ɗaya ya kai ta ta ga jirgin ruwan nan nasa da ya ishe su da labari.

"Yaya, hanya da shinge hwa," in ji Kawu.

"Shingen ya ga tsohuwa ya kauda kai," in ji ta.

Hanyar teku, ƙarfe 5:30

Mun yi sallar asuba a wani gidan mai, na sayo mana burodin tamis da wake na riyal goma sha biyu. Ni da Kawu muka zuba yaji son ranmu, abin da na tuna da shi daga baya ba da daɗi ba. A shingen farko wani jami'i ya leƙo. Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ni kuwa gwiwata sai rawa take kamar ni ne mara takarda. Ya dubi katin Kawu, ya yi mana hannu. Mun yi tafiyar minti goma, sannan Inna ta ce, "Kabiru, gwiwa tai sanyi ko?" Aka yi dariya, ban da ni.

Shu'aiba, ƙarfe 6:40

Agogon mota ya nuna kilomita ɗari da huɗu daga ƙofar gida. Duk wanda zai shiga teku sai an rubuta sunansa a wurin masu gadin gaɓa, don haka Kawu ya fara ajiye Inna a wata rumfa a bakin yashi inda iyalai ke shan iska, kamar kilomita ɗaya kafin mashigar jirage. Muka ƙarasa, aka rubuta mutum huɗu.

Nan na ga 'Yar Yawuri, sunan da Kawu ya raɗa wa jirgin. Jirgin kogi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki da ɗan ɗaki na katako, wani Bamisire ya kawo shi daga Nilu tun kafin a haifi Samira, ya gaji ya sayar. Takardunsa da sunan mijin Samira suke, shi da yake ɗan ƙasa, amma wahalarsa ta Kawu ce. Duk hutun da ya samu nan yake ƙarewa: ya kankare fenti, ya toshe kafa, ya wanke injin da ruwan daɗi saboda gishiri na cin sa. Ya zagaya da ni yana nuna mini kowane faci kamar mai nuna jikoki. Har gora doguwa ya ajiye a gefe, irin wadda muke tura kwalekwale da ita a gida.

Ya miƙo mini makullin mota, ya ce in kwaso kayan baya. Na ɗauko tabarma, da jarkar fetur, da akwatin sifanoni, da filas ɗin shayi. Sai na ga katan na ruwan gora a can ƙurya. Na ɗaga na ji nauyi, na dubi nisan mashiga, na mayar da shi na rufe but. Ban ma yi dogon tunani ba. A Yawuri ban taɓa ganin wanda ya shiga jirgi da ruwan sha ba. In ƙishi ya kama ka, hannu za ka miƙa. Sabo turken wawa, kuma ranar ni ne wawan.

Cikin ruwa, ƙarfe 7:50

Da yake jirgin ba ya buƙatar zurfi, Kawu ya kai shi har kusa da rumfar, na sauka na ɗauko Inna a hannu. Tana zama ta miƙa hannu ta kamfato ruwa ta kai baki, kamar yadda kowannenmu zai yi. Ta furzar, ta yamutsa fuska.

"Wanga ruwa miya aka yi da shi?"

Samira ta yi dariya har da hawaye, ta zuba mata shayi ta kurkure baki. A lokacin ne katan ɗin ya faɗo mini a rai. Gaɓa na nan kusa, da na yi magana da minti ashirin ya isa. Kunya ta hana ni. Na ce wa kaina awa biyu ne mu dawo.

Awa biyun nan kuwa sun yi daɗi. Ruwa garau, ana ganin kifi a ƙasa. Inna ta kwance lulluɓi tana kiran sunayen tsibiran gida ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ga yayarsa na murna, sai ya ƙara nisa.

Ƙarfe 10:20

Injin ya fara wari kamar an ƙona roba, ya yi tari biyu, ya mutu. Kawu ya buɗe ya ce ba komai, 'yar robar da ke jawo ruwa ta sanyaya inji ce ta cinye, kuma yana da sabuwa. Ƙusoshi huɗu ne suka riƙe murfin. Uku suka kwance. Ta huɗu gishiri ya cije ta, ya murɗa, ya ƙara murɗawa, sai ta karye a ciki ta bar murfin a maƙale.

Muka jefa anka. Igiyar gaba goma sha biyar ce, wadda ko a tsakiyar kogi da damina ta yi yawa. Ta ƙare tas, ƙarfen na lilo bai taɓa komai ba. Na ɗauki gorar na zura, ban san me nake nema ba. A gida in inji ya mutu, zama kake yi ruwa ya kai ka gaɓar wani ƙauye, a yi maka dariya a ba ka fura. Nan iska ta sa mu gaba tana yin kudu da mu, gaɓa na ƙanƙancewa.

"Kabiru, miƙo moya," in ji Kawu, gumi na zuba masa a ido. Ruwa yake nufi.

Na ce, "Kawu, yana mota."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Kallona ya yi, ya kalli Hanan, ya mayar da kai cikin inji. Muka duba abin da ke akwai: sauran shayi rabin kofi, da ɗan ruwan da ke cikin kwalbar yarinya, bai kai yatsa uku ba.

Ƙarfe 12:30

Ban taɓa sanin rana irin wannan ba. Tana dukan ka daga sama, ruwa ya maido maka da ita daga ƙasa. Ɗakin katako ya zama tanda, waje kuma babu inuwa sai tabarmar da na ɗaga musu a kai. Yajin safe ya tashi a maƙogwarona. Ga ruwa iya ganin ido, shuɗi, mai kyau, babu ɗigon da zai yi mana amfani.

Kawu ya kira wani abokinsa masunci sau biyar. A na shida ya ɗauka, ya ce yana Jidda, ko ya taso yanzu sai bayan la'asar. Mijin Samira kuma yana wurin aiki, wayarsa a kashe. Lamba ɗaya ta rage, ta masu gadin gaɓa, tana manne a jikin sitiyari. Kowa ya san in suka zo za su ƙirga mu, kuma takarda ta ce huɗu. Babu wanda ya dubi wajen lambar, babu kuma wanda ya dubi Inna.

Ƙarfe 1:45

Hanan ta yi kuka har ta gaji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ta daina. Ta kwanta lakwas a jikin uwarta, leɓe a bushe, ido a lumshe. Samira na jiƙa zane da ruwan teku tana shafa mata, tana magana da Larabci da sauri, abin da ban ji ba duka.

"Baba, kira su, Allah ya halli ka," ta roƙe shi da Hausarta mai karyewa, gauraye da Larabci. "Yarinya ba ta motsi."

"Bari in ƙara gwada ƙusag ga," in ji Kawu. Hannunsa duk jini.

Na dubi wayarsa da ke kan kujera. Sandunan sabis da suke huɗu da safe sun koma ɗaya, ita ma tana ɓacewa tana dawowa. Gaɓa ta zama zare. Tsoro ya cika ni har na kasa addu'a daidai, aya ɗaya nake ta maimaitawa.

Inna ce ta miƙa hannu ta ɗauki wayar, ta ɗora masa a cinya.

"Sale, kiraye su."

"Yaya, tarhil za su kai ki, gidan korar baƙi. In sun fid da ke ba dawowa."

"Na sani. Shekara ashirin da bakwai ina jiran kabari. Ba ni sayen shi da ran ɗiyag ga. Kira tun wayar na magana."

Ya kira. Ya faɗi inda muke, ya ce akwai yarinya. Da aka tambaye shi mutum nawa, ya dubi yayarsa. Inna ta ɗaga masa yatsu biyar, ya ce biyar.

Ƙarfe 2:35

Minti arba'in suka yi, kuma ban san minti na da tsawo haka ba. Kafin su tambayi komai sun jefo mana ruwa. Wani ya karɓi Hanan ya shiga da ita inuwa yana ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Da na ji ta ƙware ta tsala kuka, sai na zauna daɓas a cikin jirgi. Suka ɗaura mana igiya suka ja mu, awa ɗaya da kwata zuwa mashiga.

A can babbansu ya duba takarda, ya dube mu. Inna ba ta bari ya wahala ba, ta matso ta ce ita ce ta biyar, ba ta da ikama. Mutumin ya sa aka kawo mata kujera, ya kira ta Hajja, ya yi aikinsa. Kafin motar hukuma ta tafi da ita ta kwance wani ɗan makulli daga bakin zanenta ta ba ni.

"Akwatina na ƙarƙashin gado. Abin da ke ƙasa can, ka tai mini da shi gida."

Na ce, "Inna, ni na jawo miki."

"Kai ka yi teku da gishiri?" ta ce. "Tai ka sha ruwa, bakinka ya tsage."

Da na buɗe but ɗin mota, katan ɗin na nan yadda na bar shi, gorunan sun yi zafi kamar an dafa.

Juma'a zuwa Lahadi, Makka

Hanan ta kwana ɗaya a asibiti aka sallame ta. Kawu ya kwana biyu yana amsa tambayoyi, maganarsa kuma har yanzu tana hannun hukuma. 'Yar Yawuri na can ɗaure a mashiga, babu mai wanke mata gishiri. Ran Asabar na buɗe akwatin Inna. A ƙasan kaya na sami farin yadi a naɗe cikin leda, likkafaninta, wanda ta wanke da ruwan Zamzam tun shekarar da ta zo. Na cire dabinon tsaraba daga jakata na sa likkafanin a madadinsa.

Litinin, Jidda zuwa gida

Mun tashi ƙarfe 9:10 na safe, muka sauka Kano da rana, na kwana a gidan wani abokin karatu. Washegari ƙarfe shida na shiga mota, na isa Yawuri bayan la'asar. Mahaifiyata ta karɓi ledar, ta buɗe, ta gane ko mene ne. Sai da na rantse mata cewa yayarta na da rai.

Bayan mako biyar aka maido da Inna, na koma Kano na ɗauko ta, da 'yar jaka ɗaya a hannu. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma na lura duk lokacin sallah takan daɗe tsaye tana kallon gabas kafin ta tayar. Kwana uku da isowarta ta ce in kai ta bakin kogi. Ta durƙusa da ƙyar, ta kamfata ta sha, ta ƙara. Ta ce, "Wanga dai ba a barin shi cikin mota."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fid da mu, sannan ga mutanen da suka jefo ruwa kafin su yi tambaya, da Kawu da Samira da suka raka ni filin jirgi ba su tayar da maganar ba. Yanzu duk lokacin da zan haye kogi, ko zuwa tsallake ne, sai na riƙo jarkar ruwa. Matuƙa kwalekwale sun sa mini suna, suna nuna ni suna dariya, wai ga mai kai wa kogi gudummawa. Nakan bar su su yi. Inna kaɗai ce ba ta dariya in ta gan ni da ita.